Kundin aiki: kanel 6.12 da rigimar zaɓuɓɓukan rabon lokaci

8 ga Fabrairu, 2025

Yau na fara gina kanel na kaina, wato zuciyar tsarin Linux da ke tsakanin manhajoji da na'ura. Kwamfuta ɗaya ce nake yi wa lodin aiki biyu da ba sa ga maciji: ɗaukar sauti ta PipeWire, manhajar da ke kula da sauti, da gwajin manhajoji a cikin kwantenonin Docker, wato keɓaɓɓun wuraren gudanar da manhaja. Sauti yana so a ba shi furosesa nan take ko da na ɗan mitsitsin lokaci ne, kwantena kuwa in ba a sa masa linzami ba sai ya haɗiye komai. Mai raba musu gardama shi ne sashen kanel da ke rabon lokaci, wato wanda ke yanke wane aiki zai hau furosesa yanzu, wane zai jira. Na zaɓi Linux 6.12, wanda ya fito a Nuwamban 2024, saboda yana cikin waɗanda za a daɗe ana yi musu gyara.

Na kwafi fayil ɗin saiti na kanel ɗin da nake kai daga /boot, na jona duk na'urorin da nake amfani da su, har makirfo na USB, sannan na yi `make localmodconfig`. Jonawar dole ce, don wannan umarni yana zubar da direban duk abin da bai gani a kunne ba a lokacin. Na kuma kunna CONFIG_IKCONFIG_PROC domin in riƙa duba saitin kanel mai aiki a /proc/config.gz.

Daga nan na shiga zaɓuɓɓukan rabon lokaci na yanke hukunci biyu cikin minti biyar. Na kashe CONFIG_CFS_BANDWIDTH, da hujjar cewa CFS, tsarin da Ingo Molnár ya kawo a 2.6.23 a 2007, an riga an sauya shi da EEVDF tun 6.6 a 2023, to me zan yi da kayan mamaci? Na kunna CONFIG_RT_GROUP_SCHED kuma, don na ga RT a sunan, ni kuwa aikin gaggawa nake nema wa sauti, ga shi takardun Docker ma sun ambace shi. Ginin ya tafi lafiya.

9 ga Fabrairu

Ya tashi. Allo, intanet, lasifika, duk suna aiki. Na bar tsohon kanel a jerin GRUB, inda ake zaɓar kanel lokacin tashi, saboda tsaro.

11 ga Fabrairu

Docker ya fara kawo ƙara. `docker run --cpus=1.5` ya ƙi, ya ce ba zai iya sa NanoCPUs ba domin kanel ba ya goyon bayan CFS ko kuma ba a ɗora cgroup ba, wato hanyar da kanel ke tara ayyuka rukuni-rukuni don a raba musu kaso. Na leƙa cikin /sys/fs/cgroup/system.slice, akwai cpu.weight, akwai cpu.stat, babu cpu.max. Ashe mamacin yana da sauran aiki a duniya. Abin da aka sauya a 6.6 shi ne dabarar zaɓar aiki na gaba, sunayen zaɓuɓɓuka da hanyar ƙayyade kaso suna nan yadda suke tun da aka shigo da su a 3.2.

Yadda abin ke tafiya ba wuya. A cikin cpu.max akwai lamba biyu, kaso da zango, duka da maikurosakan. In ba a taɓa shi ba za ka ga `max 100000`, wato babu iyaka a kowane zango na milisakan 100. Idan ka ce wa Docker 1.5 sai ya rubuta `150000 100000`. Rukunin ya cinye kasonsa kafin zangon ya ƙare, sai a ajiye shi gefe har zango na gaba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne daban. Ina da wata hidimar systemd (manhajar da ke tayar da hidimomin kwamfuta) mai adana kwafin fayiloli da na sa wa `CPUQuota=50%` tun tuni. Kwana biyu ke nan tana tashi tana aikinta a sabon kanel ba tare da ko tari ba, alhali iyakar ba ta hau kanta ba sam, tunda fayil ɗin da za a rubuta iyakar a ciki ma babu shi. Docker ya tsaya ya faɗi abin da ya rasa. Ita kuwa hidimar ta wuce abinta, kuma da ban je nema ba da ban sani ba. Na mayar da zaɓin da `scripts/config --enable CFS_BANDWIDTH`, na sake gini, cpu.max ya dawo.

15 ga Fabrairu

Na zauna ɗaukar murya yau, karon farko a sabon kanel. Na saukar da guntun da PipeWire ke sarrafawa a lokaci guda zuwa samfur 128 a kan 48000 a sakan. Lissafin yana ba da kusan milisakan 2.7: a cikin wannan ɗan taƙin dole zaren sauti ya farka, ya gama aikinsa, ya miƙa. In ya makara sai ka ji ƙas a kunne. Da kwamfutar na zaune shiru babu matsala, amma ina buɗe burauza sai ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, lambar da ke ƙarƙashin ERR a `pw-top` tana ta hawa.

`ps -eLo tid,cls,rtprio,comm` ya nuna zaren data-loop, zaren sauti na PipeWire, yana ajin TS, ajin gama-gari, layi ɗaya da burauza. A tsohon kanel FF yake nunawa, wato SCHED_FIFO, ajin gaggawa. Na fara zargin abin da kowa ke fara zargi, iyakar fifiko ta mai amfani. `ulimit -r` ya ce 95, daidai da abin da na rubuta wa rukunin audio a limits.conf. Na sake kunna rtkit, hidimar da ke ba manhajoji fifikon gaggawa, na fita na sake shiga, na sake girka PipeWire ɗungurungum, wanda ko a lokacin na san ɓata lokaci ne, hannu ne kawai ke neman abin yi.

Can da dare na gwada abu mafi sauƙi, na zama root na buga `chrt -f 10 sleep 1`. Amsa: `chrt: failed to set pid 0's policy: Operation not permitted`. Root ne fa, mai gida da kansa aka hana shiga ɗaki. Na kashe kwamfutar na kwanta.

16 ga Fabrairu

Na gano shi, kuma hannuna ne a ciki dumu-dumu.

Tunda root ma an hana shi, maganar ta wuce izini na yau da kullum. Na buɗe kernel/sched/syscalls.c na bi duk wuraren da `__sched_setscheduler` ke mayar da EPERM. Akwai guda ɗaya da ke zaune a ƙarƙashin `#ifdef CONFIG_RT_GROUP_SCHED`. Abin da yake cewa shi ne: idan ana neman ajin gaggawa, kuma rukunin da aikin yake ciki kasonsa na gaggawa sifili ne, a ƙi. Ba ya tambayar ko wane ne kai.

To me ya sa kason ya zama sifili? Domin haka kowane sabon rukuni ke farawa idan an kunna wannan zaɓi. Kanel yana da ma'aunin gaba ɗaya a /proc/sys/kernel: sched_rt_period_us 1000000, sched_rt_runtime_us 950000, ma'ana ayyukan gaggawa na iya cin kashi 95 cikin ɗari na kowane sakan. Wannan dukiya tana hannun uwar rukunai, wato rukunin ƙoli da sauran ke ƙarƙashinsa, kuma ba ta gangarowa 'ya'ya da kanta, sai an yanka wa kowa nasa da hannu, jimillar kuma ba za ta wuce ta uwa ba. A tsohon tsarin cgroup v1 akwai fayil na yin wannan rabo, cpu.rt_runtime_us. A cgroup v2, wanda kwamfutata ke kai, babu fayil ɗin kwata-kwata. Systemd kuwa yana zuba kowane aiki a cikin rukuninsa, `cat /sys/fs/cgroup/cgroup.subtree_control` kuma ya nuna cpu a kunne. Ke nan duk abin da na buɗe yana cikin ɗakin da kasonsa sifili ne, ƙofar kai masa kaso kuma an toshe ta da bulo.

Na so in gani da idona kafin in yarda. A tagar umarni ta root na buga `cat /proc/self/cgroup`, ya nuna ina can cikin user.slice. Na yi `echo $$ > /sys/fs/cgroup/cgroup.procs`, wanda ya ɗauke tagar ya mayar da ita uwar rukunai. Na yi ta danna kibiyar sama, wancan `chrt -f 10 sleep 1` na jiya ya dawo, na danna Enter. Ya yi shiru na sakan ɗaya ya dawo ba saƙo. Umarni ɗaya, mutum ɗaya, kanel ɗaya, ɗaki kawai aka sauya.

Abin haushin, duk wannan a rubuce yake. Fayil ɗin README na systemd ya ba da shawarar a kashe RT_GROUP_SCHED, ya kuma faɗi dalili. Takardar cgroup v2 da ke cikin kanel ɗin kansa ta yi gargaɗin cewa da wannan zaɓi ba za a iya kunna mai kula da cpu ba sai duk ayyukan gaggawa suna uwar rukunai. Shi kuma abin da na gani a takardun Docker, na koma na karanta a nutse: magana ce ta `--cpu-rt-runtime`, wadda ke rubutu a wancan fayil na v1 da ba ni da shi. Na kunna zaɓi don wata dama da kwamfutata ba za ta iya amfani da ita ba, na biya da wadda nake amfani da ita kullum.

Akwai hanyar kewaye. Sharaɗin nan yana aiki ne kawai idan ma'aunin gaba ɗaya na kunne, don haka rubuta -1 a sched_rt_runtime_us yana tsallake shi. Na gwada, chrt ya wuce, PipeWire ya koma FF bayan na sake kunna shi. Ban bar shi haka ba. Wannan lamba ita ce kuma ake auna ayyukan SCHED_DEADLINE, ajin ayyuka masu wa'adi, da ita kafin a karɓe su, cire ta kamar cire fiyus ne don fitila ta daina ɗaukewa. Gyaran gaskiya layi ɗaya ne, `scripts/config --disable RT_GROUP_SCHED`. Ba na rasa kariya ma, domin tun 6.12 kanel yana ware wa ayyukan gama-gari milisakan 50 a kowane sakan ta wata hanya dabam, ko da wani zaren gaggawa ya haukace ya ƙi sauka.

Kalmar na zaɓi ce ta ruɗe ni. Na ɗauka duk abin da aka ce na zaɓi ne, kunna shi ƙari ne kawai, in ba ka buƙata ya zauna a gefe. Wasu haka suke. CFS_BANDWIDTH ba ya taɓa kowa sai an rubuta lamba a cpu.max. Wannan kuwa yana sauya dokar gidan tun daga ranar da ya shigo.

17 ga Fabrairu

Sabon gini. FF ya dawo, ERR ya tsaya cak ko da burauza a buɗe.

22 ga Fabrairu

Wani ƙaramin abu da na daɗe ina gani ban kula ba. In ina gina kanel nakan sa `nice -n 19 make -j8` don kada ya dami sauran ayyuka, amma kwantenan da ke gudana a gefe yana jin jiki kamar ban sa komai ba. A ƙa'ida bambancin babba ne: nauyin nice 0 shi ne 1024, na nice 19 kuwa 15 kacal.

Na fara ɗora laifin a kan CONFIG_SCHED_AUTOGROUP, facin nan na Mike Galbraith da ya shiga 2.6.38 a 2011 aka yi ta yayata shi saboda gajartarsa. Yana tara ayyukan kowane zama a ƙungiya guda, a raba furosesa tsakanin ƙungiyoyi tukuna, sannan nice ya yi tasiri a cikin ƙungiya kawai. Na rubuta 0 a sched_autogroup_enabled, babu abin da ya motsa. Shafin bayani na sched ya warware mini: autogroup yana aiki ne a kan ayyukan da ke uwar rukunai, da zarar cgroup ya ɗauke aiki zuwa wani rukuni, nasa ya ƙare. A kwamfutata ke nan zaɓin yana kunne amma zaman kashe wando yake yi.

Amsar dai tana kusa da zargina. Rabon rukuni-rukuni ne, sai dai na cgroup. Ginin yana user.slice, kwantenan yana system.slice, kowanne da cpu.weight 100, don haka ana raba musu biyu daidai kafin a zo maganar nice. Ladabin da na koya wa make a cikin gidansu kawai yake yinsa. Yanzu ina tura ginin da `systemd-run` cikin rukunin kansa a gefen kwantenonin da `CPUWeight=10`, kuma bambancin a fili yake. Na bar autogroup a kunne, ba ya ci ba ya sha.

1 ga Maris

Kwaɗayi ya ja ni. PREEMPT_RT ya shiga kanel na asali a 6.12 bayan kusan shekara ashirin yana yawo a matsayin faci na waje, to ga shi a gabana, in ƙi taɓawa? Sai an kunna CONFIG_EXPERT yake bayyana a jerin. Na kunna, na yi `make olddefconfig`, na gina, na tashi.

`uname -v` ya nuna PREEMPT_RT. Amma allo na biyu baƙi ƙirin, na farko kuma in na ja taga sai ta biyo linzamin kwamfuta da jan ƙafa. `scripts/diffconfig` tsakanin tsohon saiti da sabo ya nuna abin da ya faru: CONFIG_DRM_I915, direban hoton allo na Intel, ya ɓace. A Kconfig na wannan direba an rubuta cewa ba ya tafiya tare da PREEMPT_RT, olddefconfig kuma ya bi doka ya cire shi ba sallama. TRANSPARENT_HUGEPAGE ma ya tafi da irin wannan dalili, haka PREEMPT_DYNAMIC. Na taɓa layi ɗaya, layuka da dama sun bi shi.

Na auna abin da zan samu da abin da zan rasa. PREEMPT_RT an yi shi ne don inda makara ɗaya tak ke zama asara, kamar injin masana'anta da ke jiran umarni a kan lokaci. Ni in guntu ɗaya ya makara a cikin awa guda, sake ɗaukar jimla ɗaya ne. Na koma PREEMPT_DYNAMIC, wanda ke nan tun 5.12, na sa `preempt=full threadirqs` a layin tashi. Daɗinsa ana iya sauya yanayin ba tare da sake gini ba: /sys/kernel/debug/sched/preempt yana jera none, voluntary da full, wanda ke cikin baka shi ke aiki. A samfur 128 ban ji bambanci da kunnena ba tsakanin wannan da na RT.

9 ga Maris

Gwaji na ƙarshe a jerina, sched_ext, shi ma ɗan 6.12 ne. Yana ba da dama a ɗora mai rabon lokaci da aka rubuta da BPF, hanyar saka ƙananan shirye-shirye a cikin kanel, alhali kwamfuta na aiki, a sauke shi in an ga dama. Na nemi CONFIG_SCHED_CLASS_EXT a menuconfig ban gan shi ba. Danna `/` da rubuta sunan ya nuna abin da yake jira: BPF_SYSCALL, BPF_JIT da DEBUG_INFO_BTF. Na ukun ne babu, shi kuma yana buƙatar a girka pahole kafin ya yarda ya kunnu. Ginin ya ƙara tsawo sosai saboda bayanan bin diddigi da ake haɗawa.

Na ɗora scx_bpfland, /sys/kernel/sched_ext/state ya koma enabled. Sauti bai ko girgiza ba, kuma haka ya kamata, don ajin gaggawa yana sama da wannan aji, zaren FF ba ya bi ta hannun BPF. Na kashe shi da Ctrl-C a tsakiyar aiki, komai ya koma hannun EEVDF ba tare da na ji ko ɗar ba. An gina shi da mai gadi ma: in wani aiki ya yi ta jira har wa'adi ya cika, wanda ba ya wuce sakan 30, kanel yana korar mai rabon ya karɓi ragama.

Sai na tuna da darasin hidimar nan ta ranar 11 ga Fabrairu, na ce bari in duba abin da ba ya kuka. Na tayar da kwantena da `--cpus=1`, na sa shi aikin da ke cin cibiya huɗu. Ba tare da sched_ext ba, `top` yana nuna shi a daidai cibiya ɗaya, nr_throttled a cpu.stat yana hawa. Da na ɗora scx_bpfland sai ya bazu a kan huɗun, nr_throttled ya tsaya inda yake. Docker bai yi ƙorafi ba, don cpu.max yana nan, ya rubuta `100000 100000` an karɓa. Mai aiwatar da iyakar ne ba ya nan: lissafin kaso na ajin gama-gari ne, ayyukan kuwa an kwashe su zuwa wani aji da a 6.12 bai san da cpu.max ba. Wannan ya fi na ranar 11 wuyar kamawa, don a can ko ba komai fayil ya ɓace, a nan kuwa komai yana wurinsa.

Zan bar zaɓin a cikin kanel, tunda ba ya yin komai sai an ɗora masa mai rabo. Amma ba zan sa shi ya riƙa tashi da kansa ba, kuma ba na ɗora shi ranar gwajin kwantena.

12 ga Maris

Na rufe ramin da ya jefa ni cikin wannan tun farko. Ina da kwantena ɗaya da ke son SCHED_FIFO a cikinsa. Ba tare da RT_GROUP_SCHED ba, `--cap-add=sys_nice --ulimit rtprio=50` ya wadatar, chrt ya wuce a ciki.

Na daina gyara .config da hannu. Zaɓuɓɓukan da na tsayar suna cikin ɗan fayil guda yanzu, kowanne da layin bayani a kansa mai faɗin wace manhaja ce ke buƙatarsa ko wace ce yake karyawa, ina haɗa shi da `scripts/kconfig/merge_config.sh`, wanda ke yin magana idan abin da na nema bai kai ga saitin ƙarshe ba. Da shi na yi amfani ranar 1 ga wata, da i915 bai sulale ba ina kallo.

Na kuma rubuta gwajin bayan tashi, wanda ke taɓa aikin kansa maimakon karanta /proc/config.gz: ya kira chrt daga cikin zaman mai amfani, ya duba ajin zaren data-loop, ya tayar da kwantena mai iyaka ya tabbatar nr_throttled ya motsa cikin sakan goma. Saura in ƙara na hidimar adana fayiloli, don har yanzu da ido nake duba kasonta. Ban kuma taɓa CONFIG_HZ ba, yana 250 yadda na gada, gobe zan gina na 1000 in saurara a samfur 64.